Ahmed Abdul-Malik: ɗan Sudan ne ko ɗan Brooklyn?

Sani Mai Faifai: Salamu alaikum 'yan zaure. Akwai mutumin da na daɗe ina son mu zauna a kansa, sunansa Ahmed Abdul-Malik, makaɗin bes ne a jaz ɗin Amurka. Ga wanda bai san bes ba: ɗauki goge, ka kumbura shi har ya kai tsayin mutum, ka ɗaura masa tsirkiya huɗu masu kauri. A tsaye ake riƙe shi, yawanci da yatsu ake kaɗawa. Shi ne gurnanin nan da ke ƙarƙashin kiɗa.

A bayan wani faifan Thelonious Monk na fara cin karo da sunan, wanda aka ɗauka a gidan rawa na Five Spot a New York a 1958. Monk a fiyano, Johnny Griffin a saksofon, Roy Haynes a ganguna, sai na ga Ahmed Abdul-Malik a bes. Na ce kai, wannan kuma ɗan wace unguwa ne? Kamar sunan maƙwabcinmu a Fagge. Da na bi sawu sai na tarar yana kaɗa ud ma, molon nan na Larabawa, kuma yana da faifansa na kansa, Jazz Sahara, na 1958. An ce mahaifinsa ɗan Sudan ne. Na yi shekaru ina alfahari da shi a kan haka, duk wanda na kunna wa sai na ce ka ji ɗan'uwanmu.

To makon jiya na karanta cewa ba haka ba ne. Masanin tarihi Robin Kelley ya tono takardu, ya wallafa a 2012. An haife shi a Brooklyn ran 30 ga Janairun 1927, sunan yankansa Jonathan Tim, uwa da uba duk daga tsibirin St. Vincent na Karebiyan suka zo. Ba Sudan ko ta kakanni. Wallahi raina ya sosu. Ku gaya min, yaudara ce wannan ko me za a kira ta?

Rabi'atu: Wa alaikumus salam. Yaya Sani, me ya ci maka? Kuɗinka ya karɓa? 😂

Sani Mai Faifai: Ya ci min shekara goma ina yi wa mutane ƙarya da bakina, Rabi.

Barista Nura: Ba sai an yi ta kewaye-kewaye ba. Mutum ya ce ubansa ɗan wuri kaza ne alhali ya san ba haka ba ne, ƙarya sunanta. Kuma ta yi masa amfani: kamfanin faifai ya sayar da shi a matsayin wanda ya gaji kiɗan Gabas daga gida. Wanda ya saya, da wannan labarin ya saya. Iya kiɗa daban, gaskiya daban.

Kawu Isa Zariya: Barista, a hankali. Kana yi wa mutumin 1940 shari'a da dokar zauren WhatsApp. Bari in ɗan ja ku baya, ku yi haƙuri da tsawon tsoho.

A shekarun 1940 makaɗan jaz baƙaƙe da yawa sun karɓi Musulunci sun sauya suna. Art Blakey, mai ganguna, wanda Abdul-Malik ya yi aiki da shi, ya koma Abdullah Ibn Buhaina. William Huddleston ya koma Yusef Lateef. Ahmad Jamal shi ma ba da wannan sunan aka raɗa masa ba. A ƙasar da baƙar fata ba ya shiga ta ƙofar gaba a otal, sunan da ke kansa kuma na wanda ya mallaki kakansa ne, ajiye sunan ba ƙaramin abu ba ne. Wasu don imani suka yi, wasu sun lura cewa mai rawani da sunan Larabci akan ɗauke shi baƙo daga waje, a sayar masa da abincin da aka hana ɗan ƙasa. Wasu duka biyun.

Shi Jonathan Tim, jikan bayin da aka kai gonakin rake ne. Ka tambaye shi daga ina kakanninsa suka fito, ba shi da amsa, domin an yanke igiyar tun a jirgin ruwa. Sai ya zaɓi wuri ya ɗaura. Ban ce daidai ya yi ba. Amma mu da muke iya ƙirga kakanni bakwai mu yi hattara da yi wa wanda aka sace wa nasa dariya.

Barista Nura: Kawu, na yarda da sauya suna, haƙƙinsa ne. Yusef Lateef ai bai taɓa cewa ubansa ɗan Makka ne ba. Nan ne bambancin. Shi wannan uban da ya haife shi ya sauya wa ƙasa. Uban da ya yi aikin yaɓe da leburanci ya ciyar da shi, kuma shi ya fara ɗora masa hannu a kan gogen Turawa tun yana yaro. St. Vincent ɗin ba ta isa a ambata ba ne?

Kawu Isa Zariya: Wannan kam ka kama ni a nan. Ba ni da amsa mai ƙarfi.

Abu Hafsa: Ni tambayata, wane irin Musulunci ma suka shiga? Na ji ance Ƙadiyanawa ne. Sannan shi kiɗan kansa mene ne hukuncinsa?

Lawal (mai kula da zaure): Malam Abu Hafsa, gaskiya ne ta hannun Ahmadiyya da yawansu suka shiga, har da shi, don su ne ke wa'azi a unguwannin baƙaƙe a lokacin. Wannan tarihi ne, an faɗa. Hukunci kuma akwai zaurukan malamai, nan na masu sauraren faifai ne, ka san haka tun da ka shigo. A ci gaba.

Usman Wad Madani: Salam daga Sudan. Ni abin dariya yake ba ni, don tun kafin wani masani ya buɗe takarda kunnena ya gaya min. Ranar da Yaya Sani ya turo Jazz Sahara a nan zauren bara, na saurara, na yi shiru don kada in ɓata masa rai.

Kiɗan Sudan, wanda ake ji a Omdurman da nan Jazira, a kan sauti biyar yake tafiya, muna ce masa khumasi. Shi ya sa Bahaushe ke jin waƙar Sudan kamar ta gidansu, Bahabashe ma haka. Abin da ke cikin faifan nan kuwa makam ne, wato tsarin sautin kiɗan Larabawa, irin na Masar da Sham, da ƙananan sautukan nan da ke faɗawa tsakanin maɓallan fiyano. Ku duba waɗanda suka kaɗa masa: Naim Karakand mai goge mutumin Halab ne ta Siriya. Ga kanun mai tsirkiya da yawa, ga darbuka, ƙaramar gangar hannu. Wannan taron Larabawan Atlantic Avenue ne a Brooklyn, inda 'yan Siriya da Labanan ke da shaguna da wuraren cin abinci. A can ya sha kiɗan, ba a gindin wani uba ɗan Sudan ba.

Sani Mai Faifai: Usman, shekara guda ka bar ni ina ta zuba! Allah ya isa 😭

Usman Wad Madani: Ai ganin ka ina yi kamar mai sabuwar amarya, wa zai ce maka tana da hakin gwal na roba?

Amma bari in faɗi ɗaya gefen, don ni abin ya fi shafa. Kakan kakana ya baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, cikin ayarin da suka yi gabas, waɗanda suka kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Fiye da shekara ɗari muna nan. Har gobe akwai wanda zai dube ni ya ce Fallata, ba ɗan ƙasa ba. Na je Kano sau ɗaya, a kasuwar Kurmi aka ce ga Basudane. To ni da takarda ta tabbatar min da Sudan ana min gardama, ga wani can bai taɓa gadonta ba yana rungumarta yana sa ta a bayan faifai. Ban iya jin haushinsa ba. Ko ba komai ya ga abin so a sunan da mu ake hana mu.

Rabi'atu: Kai Usman, wannan ta taɓa ni.

Barista Nura: Ta taɓa ni ni ma, amma ba ta goge ƙaryar ba.

Ɗan Gurmi Maraɗi: Jama'a kun cika maganar takardar haihuwa, ba wanda ya yi maganar hannun mutumin. Ni makaɗi ne, bari in faɗi abin da na ji.

Da farko, duk wanda ya saurare shi a lasifikar waya bai ji shi ba. Waya ba ta fitar da bes, sai dai ka ji fiyano da saksofon suna yawo a sama kamar rumfa ba ginshiƙi. Ni sai da na je shagon wani abokina mai gyaran rediyo, muka haɗa da babbar lasifika irin ta biki. Da aka kunna faifan Five Spot, kofin shayin da ke kan teburin ya riƙa rawa. A nan na gane aikinsa. Monk mutum ne mai barin rami a kiɗa: ya buga, ya yi shiru, wani lokaci ma ya ɗauke hannu gaba ɗaya ya bar Griffin yana busa. To a wannan ramin ba kowa sai bes da ganga. Abdul-Malik yana tafe ɗaya, biyu, uku, huɗu, kowane bugu da nauyinsa, bai gaggawa bai ja baya. Ba ya ado. Mai neman burgewa ba zai iya zama da Monk ba.

Na biyu, kuma wannan ne ya hana ni barci. Wuyan bes sumul yake, ba a yi masa gabobin ƙarfen nan da ke wuyan jita ba. Ud ma haka. Gurmina ma haka, gogen Bahaushe ma haka. Yatsanka ne ke neman sautin, kunnenka ne alƙali. Don haka mutumin da ya fara da goge yana yaro, ya koma bes, in ya ɗauki ud ba baƙon wuri ya je ba. Sautin da fiyano ba zai iya bayarwa ba, shi yana da shi a ƙarƙashin yatsa tun fil azal. A Jazz Sahara ba fiyano ko ɗaya, kuma ina ganin da gangan ne.

Na ɗauki gurmi na bi Ya Annas, waƙar farko a faifan. Na kama zagayen da ke ƙasa cikin minti kaɗan, don irin abin da muke yi ne: ka riƙe gajeriyar jimla ɗaya kana maimaitawa, mai waƙa ya hau kai. Amma da goge da kanun suka shiga sai na ɓace, akwai sautin da ba ya cikin gidan da na saba. Usman ya yi gaskiya, ba namu ba ne.

Mustafa Kumasi: Ɗan Gurmi ka biya. Abin da ka kira riƙe jimla ɗaya shi ne muhimmin abin. Jaz na lokacin, bibop, gudu ne a kan sautuka masu sauyawa kowane bugu biyu ko huɗu. Shi kuwa ya ce a zauna a gida ɗaya a yi ta yawo a cikinsa, minti tara, minti goma. A watan Oktoban 1958 ya ɗauki faifan. Kind of Blue na Miles Davis, wanda duniya ke cewa shi ya buɗe wannan hanya, sai 1959. Ni a wurina an danne masa haƙƙi.

Dakta Hadiza: Mustafa kada mu wuce gona da iri. Miles ya riga ya gwada wannan salon a Milestones tun farkon 1958, George Russell kuma ya rubuta ka'idarsa tun 1953. Yusef Lateef ma yana ta shigo da kayan busa na Gabas a 1957. Abu ne da ke cikin iska, kowa na shaƙa. Abin da zan ba Abdul-Malik shi ne bai tsaya a yafa yaji a sama ba, ya kawo masu abin da kansu ya zaunar da su da 'yan jaz a ɗaki ɗaya.

Kuma in faɗi gaskiya, ba ko'ina haɗin ya kama ba. A Jazz Sahara akwai wuraren da Griffin ke shigowa kamar baƙon da ya faɗo walima bai san masu gida ba, ya yi busarsa ta Chicago ya fita. East Meets West da ya biyo baya ya tara manya, Lee Morgan, Curtis Fuller, Benny Golson, amma wani wurin kamar mai da ruwa ne. Na fi son faifansa na 1961 da Sounds of Africa na 1962. A can ya daina ƙoƙarin nuna wa kowa komai.

Mustafa Kumasi: Dakta, baƙon walimar nan shi ne daɗin abin a wurina! Amma na yarda da ke kan na 1961. Waƙar The Hustlers ai hailaif ne tsagwaronsa, kiɗan rawan nan na Gana, na kunna wa wani tsoho a Zango ya ce wace ƙungiya ce ta Accra. Akwai kuma kalifso a faifan, Hannibal's Carnivals.

Rabi'atu: Tsaya Mustafa. Kalifso ba kiɗan Karebiyan ba ne?

Mustafa Kumasi: Shi ne mana.

Rabi'atu: To Barista ga St. Vincent ɗinka ta fito. Baki ya ce Sudan, hannu ya tona asiri.

Barista Nura: Hahaha. Shaida ta gabatar da kanta ba sammaci. Na karɓa, amma ku lura hujjata ce ta ƙara ƙarfi: yana da gadon da zai yi tinƙaho da shi, ya rufe shi da na aro.

Kawu Isa Zariya: Ko kuma yana ɗauke da duka biyun bai ga saɓani ba. Randy Weston, abokinsa tun suna samari a Brooklyn, shi ma jinin Karebiyan ne, kuma shi ma Afirka ya sa a gaba har ya je ya zauna a Maroko. Tare suka zo Legas a Disambar 1961, bikin da wata ƙungiyar baƙaƙen Amurka ta shirya, su Nina Simone da Langston Hughes da Lionel Hampton duk suna cikin tawagar. Shekara ɗaya da samun 'yancin Najeriya. Ku tuna lokacin: Sudan 1956, Gana 1957, mu 1960. Yaro baƙi a Brooklyn yana buɗe jarida yana ganin baƙaƙe na sauke tutar Turawa. Daga baya ya kaɗa a bikin da Weston ya shirya a Tanja ta Maroko a 1972.

Ni na ga irin wannan ƙishirwa da idona. Yusef Lateef ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985, yana bincike a cibiyar nazarin al'adu ta jami'ar Ahmadu Bello, har ya yi aiki a kan sarewar Fulani. Muna ganinsa, dogon mutum mai sanyin magana. Mu a lokacin Michael Jackson muke nema, shi ya tsallako teku yana neman abin da makiyayi ke busawa a bayan gari. Sai da na tsufa na ji kunya.

Sani Mai Faifai: Kawu ashe ka ga Yusef Lateef ido da ido ba ka taɓa faɗa mana ba?

Kawu Isa Zariya: Ba ku tambaya ba. Kuma ban san ko wane ne shi ba sai bayan ya tafi.

Dakta Hadiza: Wani abu da zai ba ku sha'awa. Wasan da Monk da John Coltrane suka yi a Carnegie Hall ran 29 ga Nuwamban 1957, Abdul-Malik ne a bes, Shadow Wilson a ganguna. Muryar Amurka ce ta ɗauka, eh, gidan rediyon nan dai da iyayenmu ke kamawa. Tef ɗin ya kwanta a ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ba wanda ya san da shi, sai 2005 aka gano, kamfanin faifai na Blue Note ya fitar. Shi kuwa ya rasu tun 2 ga Oktoban 1993 a New Jersey. Faifan da mutane suka fi jin bes ɗinsa a ciki yau, bai taɓa riƙe shi a hannu ba.

Kuma Barista, game da cewa ƙaryar ta yi masa amfani: wane amfani? Faifansa shida, na ƙarshe 1964, daga nan kamfanoni suka juya baya. Koyarwa ya koma, a jami'ar New York da kwalejin Brooklyn. Har ya manyanta yana zuwa ɗaukar darasin ud wurin Simon Shaheen, wanda a shekaru sa'ar ɗansa ne. Mai neman kasuwa da labarin bogi ba ya zama almajiri da furfura.

Barista Nura: Dakta, rashin riba ba ya wanke laifi, ɓarawon da ya tarar da akwati wayam ma an kama shi. Amma na janye kalmar amfani. Abin da ban janye ba: da ya ce ni ɗan Brooklyn ne, na koyi wannan a wurin maƙwabtana 'yan Siriya, da labarin ya fi wanda ya ƙirƙira kyau.

Rabi'atu: A 1958 wa zai saurari baƙin yaro ɗan leburan Brooklyn da ya ce zai koya wa mutane makam? Sai an ce gado ne ake yarda. Mu ma nan haka muke. Ɗan da ba gidan makaɗa ya fito ba in ya ɗauki kalangu ai cewa ake ya lalace, wanda ya gada kuwa ko bai iya ba sai a ce jini ne. Kuma Barista, don Allah, gidaje nawa ka sani a birni da ke cewa kakansu daga Makka ko Masar ko Fas ya zo? Ka taɓa neman takardarsu?

Barista Nura: Rabi ki bar wannan maganar, surukaina na cikin zauren nan.

Lawal (mai kula da zaure): 😂😂 An rufe wannan babin kafin a kai mu gaban mai unguwa.

Usman Wad Madani: Na kunna wa Baba faifan ɗazu bayan la'asar, ban gaya masa komai ba. Ya saurara har rabin waƙa ta biyu, ya ce Masarawa ne. Da saksofon ya shigo ya ɗaga kai ya ce a'a, wannan kuma wa ya gayyato shi? Na ce Baba mai ud ɗin cewa ya yi shi ɗan Sudan ne. Ya ce ɗan wace ƙabila? Na ce bai faɗa ba. Ya ce to ka ce masa ya zo ya sha shayi, sai mu ji. Na ce ya rasu shekara talatin da wani abu. Ya ce Allah ya jiƙan Musulmi, mayar min waccan ta farkon.

Sani Mai Faifai: A gaishe da Baba. Ni dai har yanzu da ɗan abin a raina, ba zan ɓoye ba. Gobe akwai wanda na yi wa alkawarin kunna masa faifan a shago, ban san yadda zan gabatar da mutumin ba yanzu.

Ɗan Gurmi Maraɗi: Kada ka gabatar da kowa. Ka dai nemi babbar lasifika, ka fara masa da Oud Blues ta faifan 1961. In ka kunna a wayar nan taka mai fasasshen gilashi ni da kai ne.